Zanen fuskar yaro da fentin mai: lamarin Elisaveta Konsulova-Vazova a Sofiya

Elisaveta Konsulova-Vazova, wadda aka haifa a Plovdiv a 1881 ta kuma rasu a Sofiya a 1965, tana cikin matan farko da suka riƙi zane a matsayin sana'a a Bulgeriya. Ta zana fitattun mutanen ƙasarta, ta zana furanni, amma an fi sanin hannunta a fuskokin mata da na yara. Fuskar yaro kuwa ita ce jarrabawa mafi tsauri ga mai zanen kamanni. Duk abin da yake kamawa a fuskar babba, ƙashin kunci da ya fito, tamoji, gemu, ramin ido, babu ko ɗaya a fuskar ɗan shekara huɗu. Ga shi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Lamarin wannan baiwar Allah ya dace da nazari saboda ta koyi aikin a makarantu biyu masu hanya daban, kuma hoton yaro yana buƙatar abin da kowace ta koyar.

Makarantu biyu

Lokacin da Bulgeriya ta fita daga hannun daular Turkawa a 1878, yawancin masu zanenta 'yan gadon zanen coci ne, daga garuruwa irin su Samokov da Tryavna da Bansko. A wannan gado ana zana jariri da ma'aunin babba, a rage masa tsawo kawai, domin manufar hoton ibada ce, ba kamanni ba. Makarantar Zane ta Gwamnati da aka buɗe a Sofiya a 1896, ƙarƙashin Ivan Mrkvička ɗan ƙasar Cek, ita ta kawo tsarin makarantun Turai: ɗalibi ya fara da zana mutum-mutumin filasta da gawayi, ya wuce zuwa kan mutum mai rai, sannan a ba shi fenti. Konsulova ta karanta a nan a ajin Jaroslav Věšín, wani ɗan Cek da ya zo ƙasar a 1897 bayan ya yi karatu a Prag da Munik, ta gama a 1902. A lokacin ba a barin ɗalibai mata shiga darasin zanen jikin ɗan Adam daga mai rai, kuma tana cikin waɗanda suka ƙi yarda da wannan hani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga aikinta na gaba. Wanda bai san yadda ƙoƙon kai yake zama a kan wuya ba, da yadda kafaɗa take ɗaukar riga, zai zana yaro ya fito 'yar tsana.

A 1909 zuwa 1910 ta tafi Munik ta yi karatu a hannun Heinrich Knirr. Babbar makarantar zane ta birnin ba ta fara karɓar mata ba sai 1920, don haka mata suna zuwa makarantar da ƙungiyar mata masu zane ta kafa a 1884 ko makarantu masu zaman kansu. Knirr, wanda mai zane Paul Klee ya fara karatu a wurinsa a 1898, an san shi da hotunan yara da na furanni, kuma Elena Karamihaylova, wata 'yar Bulgeriya mai zanen kamanni, ita ma ta bi ta hannunsa. Abin da Munik ta wancan zamani take bayarwa shi ne fenti mai haske da aiki cikin hanzari: a ɗora launi kan launi tun yana jiƙe, a bar sawun burushi a fili, a fita da mai zama waje ƙarƙashin hasken rana. Da wannan ta dawo Sofiya, shi ya sa ake lissafa ta cikin waɗanda suka fara shigo da wannan salon na zanen haske ƙasar. Ta auri Boris Vazov, ƙanen marubuci Ivan Vazov, suka haifi 'ya'ya mata uku, ɗaya daga cikinsu, Binka, ita ma ta zama mai zane. A 1919 ta baje kolin ayyukanta ita kaɗai a Sofiya, mace ta farko da ta yi haka a ƙasar, a shekarun 1920 kuma tana cikin waɗanda suka kafa wasan 'yan tsana a birnin. Mace ce da ta zauna cikin yara, ta san motsinsu, kuma wannan sani yana shiga hannu.

Ma'aunin kai, inda yawancin hotuna suke mutuwa

Rabin awar farko ta aiki ita take yanke ko hoton zai nuna shekarun yaron daidai. A babban mutum, kai yana shiga tsawon jiki sau bakwai da rabi. A jariri sau huɗu ne, a ɗan shekara uku kusan sau biyar, a ɗan shekara shida kusan sau shida. A cikin kan kansa ma rabon ya bambanta. Idon babba yana tsakiyar kai daidai, tsakanin ƙoli da haɓa. A ƙaramin yaro gira ce take zama a tsakiya, ido ya sauka ƙasa da ita, saboda ƙoƙon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwa yana riga fuska girma. Duk fuskar, daga gira zuwa haɓa, ta cunkushe ke nan a rabin ƙasa. Mai zanen da ya saba da manya, hannunsa da kansa yake ɗaga idon zuwa tsakiya, ya tsawaita hanci, ya faɗaɗa muƙamuƙi, sai 'yar shekara biyar ta koma 'yar sha biyu. Iyaye za su ce hoton bai yi kama ba, su nuna baki ko ido, alhali laifin yana goshi da ƙeya da aka rage.

Ido yana da nasa tarkon. Ƙwayar idon jariri tana da faɗin milimita 16 zuwa 17, ta babba kusan 24, amma baƙin idon yana kusan kai girman na babba tun yaro yana shekara biyu. Saboda haka yake cika buɗin ido, farin ya yi kaɗan a gefe da gefe. Wannan ne ke sa a ga kamar idon yaro babba ne. Wanda bai fahimci dalilin ba sai ya ƙara girman idon gaba ɗaya, hoton ya zama irin na katin gaisuwa. Gyaran shi ne a bar buɗin ido a ma'auninsa, a cika shi da baƙin ido, a ba da tazara mai kyau tsakanin idanu biyu domin karan hancin yaro bai tashi ba tukuna. Kumatu suna cike da kitsen tsotso, leɓen sama ya ɗan fito, haɓa ƙarama ce ta ja baya, wuya gajere siriri. Hannu ma haka: a bayan hannun ƙaramin yaro, wurin gaɓoɓin yatsu lotsawa yake yi, ba tudu ba. A nan horon Sofiya yake aiki, domin ana kafa duk wannan da gawayi ko da fenti mai ruwa-ruwa kafin a taɓa launin fata.

Zama da haske

Masu sana'ar sun san ƙaramin yaro ba ya riƙe zama ɗaya fiye da 'yan mintuna, kuma bayan minti ashirin zuwa talatin fuskarsa takan saki, baki ya buɗe, ido ya mutu. Don haka ake yanka aikin gunduwa-gunduwa, a zaɓi safiya bayan ya ci abinci, a sa wani ya zauna daidai inda ake so ya duba yana karanta masa labari. Mai zanen ba ya neman yaron ya daskare. Yana jira ne kan ya dawo wurin da aka zaɓa, ya ɗauki abu ɗaya, ya ɗora, ya sake jira. Riga da kujera da bango ana gama su bayan yaron ya tafi, a sa rigar a kan matashi ko mutum-mutumin katako.

Akwai kuskure biyu na wurin zama da suke ɓata ma'auni tun kafin a fara. Idan mai zane yana tsaye yaro yana ƙasa, kallon daga sama yake zuwa, goshi ya kumbura, haɓa ta ɓace. Shi ya sa ake ɗora kujerar a kan dandamali har idon yaro ya yi daidai da na mai zane. Na biyu kusanci ne: ƙasa da mita biyu, hanci da kuncin da ke kusa sukan yi girma fiye da kima.

A ɗaki ana son taga mai fuskantar arewa, domin a ƙasa irin Bulgeriya rana ba ta shiga ta can kai tsaye, hasken ba ya sauyawa sosai daga safe zuwa la'asar. Hasken gefe mai ƙarfi, wanda yake yi wa fuskar dattijo kyau, yana tsofar da yaro, saboda yana tona inuwa ƙarƙashin ido da gefen hanci. A juya yaron ya ɗan fuskanci tagar, a sa farin yadi a ɗaya gefen ya mayar da haske cikin inuwa. A waje, inda Konsulova-Vazova take son aiki, lissafin ya ƙaru. Rana tsaye tana sa yaro ya runtse ido, don haka inuwar bishiya ko malfa ake nema. Ganye yana jefa kore ƙarƙashin haɓa, sararin sama yana jefa shuɗi a goshi da saman kumatu, farar riga tana ɗaukar duka biyun. Bayan awa ɗaya da rabi ko biyu inuwa ta matsa, dole a tsaya sai gobe daidai wannan lokaci.

Ɗaukar hoto ya riga ya bazu a Sofiya a wancan zamani, kuma masu zane da yawa suna neman taimakonsa. Sai dai farantan gilashi da kyamarar lokacin ke ɗaukar hoto a kansu ba sa ganin ja da kyau, suna kuma ganin shuɗi fiye da kima. Leɓe da jan kumatu sukan fito baƙi, shuɗin ido ya kusa zama fari. Wanda ya kwafi hasken fuska daga irin wannan hoto zai ba yaro baki mai nauyi da ido marar rai. Ma'auni kawai ya kamata a ɗauka daga gare shi.

Yadi, launuka da jerin aiki

Hoton kai da kafaɗa na yaro yakan zauna a ma'aunan Faransa da shaguna ke sayarwa, santimita 46 da 38, ko 55 da 46, ko 61 da 50. Yadin lilin mai laushin saƙa ya fi, domin saƙa mai kauri tana cinye ƙananan sauye-sauyen launi a kumatu. Yawanci ana sayen yadin a shirye. Mai shirya nasa yakan jiƙa gam ɗin fatar zomo, kimanin giram 70 zuwa 80 a lita ɗaya ta ruwa, ya kwana, a ɗumama shi cikin wani ruwan ba tare da ya tafasa ba, a shafa siriri. Aikin gam ɗin shi ne hana mai ya taɓa zare, domin man yana cin lilin a hankali. A bisansa a shafa farin dalma sau biyu, a bar shi makonni ya bushe. Gam mai kauri yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, ya tsattsaga duk abin da ke kansa.

Launukan da mai zane ke samu a bututu a shekarun 1910 sun wadatar: farin dalma da farin tutiya, rawayar ƙasa, rawayar kadmiyam, jan zaiba, jan saiwar madda ko kwaikwayonsa na sinadari da aka ƙirƙiro a Jamus a 1868, shuɗin kobalt, shuɗin altramarin, kore mai sanyi na kromiyam, ƙasa-ƙasa, da baƙin ƙashi. Fatar farin yaro ana gina ta da fari, rawayar ƙasa da ɗigon jan zaiba. Goshi ya karkata zuwa rawaya, kumatu da kan hanci da kunne zuwa ja. A namiji babba ƙasan fuska yakan yi toka-toka saboda tushen gemu, kuma idan aka kawo wannan toka haɓar yaro sai ya yi kamar bai wanke fuska ba. Inuwa ba a yin ta da baƙi. Ana haɗa kore da jan madda, ko rawayar ƙasa da shuɗin kobalt, a bar ta siririya ta yadda farin ƙasa zai haskaka ta daga ciki.

Jerin aikin a tsarin Munik gajere ne. A shata kai da fentin da aka sirka da tarfentin, ruwan da ke tsinka fentin mai. A toshe gashi, riga da bango a dunƙule, domin ba a iya auna launin fata a kan farin yadi tsirara. Sannan a ɗora fuska faci-faci da burushin gashin alade mai faɗin santimita ɗaya zuwa biyu, daga inuwa zuwa haske, kowane faci a haɗa shi a allo a ajiye shi a wurinsa, a bar shi. Haɗe bakin faci da faci ana yi ne da launi na tsakani, ba da guga ba. Guga da burushi mai laushi ita ce jarabar da ta fi kama mai zanen yara, saboda fatar tana da santsi yana so ya kwaikwaya. Sakamakon shi ne ja da kore su cakuɗe su zama laka, kumatu su yi kamar kakin zuma.

Layin da ke sauka daga gefen hanci zuwa baki ba a zana shi a matsayin layi, ko da an gan shi. Sauyin launi kaɗan ya isa, in aka ja shi da duhu an ƙara wa yaron shekaru. Farin ido a ƙananan yara yana da ɗan shuɗi, kuma kullum ya fi hasken goshi duhu. Ɗigon haske ɗaya a kowane ido, ta ɓangaren taga. Gashin goshi siriri ne, don haka bakinsa yana narkewa cikin fata, ba a yanke shi kamar hula ba.

Farin dalma yana fara kamewa cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ne wa'adin gama fuska tun tana jiƙe. In ta ƙi, a kankare ta da wuƙar fenti a sake, kada a lafta sabo a kan wanda ya fara kamewa. Wasu suna ƙara man fofi, wanda ake matsa daga irin wani fure, don jinkirta bushewa, kuma ba ya yin rawaya kamar man lilin, amma fatarsa ba ta da ƙarfi. Idan aka ɗora launi mai saurin bushewa a kan baƙin ƙashi ko jan madda da ba su gama bushewa ba, na saman zai yage tun a shekarun farko. Ƙa'idar ita ce mai ya ƙaru daga ƙasa zuwa sama. Banish kuwa, wato ruwan ƙyalli da ake shafa wa hoto a ƙarshe don kare shi, sai bayan wata shida zuwa shekara.

Bayan shekara ɗari

Hotunan wancan zamani yanzu sun haura ƙarni, kuma lalacewarsu tana faɗawa daidai wurin da rayuwar hoton yaro take. Jan madda siriri da aka shafa a kumatu da leɓe yana dushewa da haske, jan da ake yi da rinin iyosin ya fi shi saurin gudu. Jan zaiba yakan yi duhu. Farin tutiya, wanda masu zanen haske suka so saboda sanyinsa, yana haɗuwa da mai ya yi fata mai gautsi, ta rabu da ta ƙarƙashinta ta ɓare, musamman a farar riga inda aka lafta shi. Farin dalma kuma yana ƙara zama garai da tsufa, sai gyaran da mai zane ya rufe, kamar kunnen da aka matsar ko kafaɗar da aka sauke, ya fara leƙowa. Banish na ƙaron itace yana yin rawaya, ya mai da shuɗin inuwa kore mai datti, ya kashe bambancin ɗumi da sanyi da aka gina fuskar a kansa.

Babban haɗarin, a ganina, yana hannun mai gyara marar haƙuri. Sinadarin da ke narkar da tsohon banish yana iya ɗauke siririn jan kumatu tare da shi, musamman in an haɗa fentin da ƙaro tun asali, sai yaro mai lafiya ya koma kamar mai jinya, kuma babu dawowa. Aikin kirki yana farawa da fitilar altrabayolet a ɗaki mai duhu: tsohon banish yana ƙyallin kore-kore, gyaran baya-bayan nan yana fitowa baƙi, jan madda na asali yana ƙyallin ruwan lemo. Daga nan a gwada sinadari mafi rauni a gefen da firam ya rufe, da auduga a kan tsinke, faɗin santimita ɗaya, fuska ta zo ƙarshe. Tsohuwar hanyar manna sabon yadi a baya da kakin zuma da dutsen guga ta danne sawun burushi a hotuna da yawa, ta kuma duhunta farin ƙasa. Tun shekarun 1970 masu gyara suka ja baya daga gare ta.

Launuka suna taimakawa wajen tantance shekara. Farin taitaniyam bai shiga kasuwa ba sai wajajen 1920, shuɗin ftalo kuma 1935. In aka same su a fentin asali na hoton da aka rubuta wa 1912, akwai matsala. Amma da yake Konsulova-Vazova ta rayu har 1965, samun su bai isa a ce jabu ne ba, yana iya nuna cewa shekarar ce ba daidai ba, ko wani ya yi gyara daga baya. Ana duba sa hannu da madubin ƙara girma a ga ko tsagar fenti ta ratsa shi ko shi ne ya hau kan tsagar, a kuma duba bayan yadi don hatimin shagon da ya sayar da shi.

Gidajen adana zane irin Gidan Zane na Ƙasa a Sofiya suna neman zafi tsakanin digiri 18 da 22, laima kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, da haske da bai wuce lukus 200 ba a ma'aunin ƙarfin haske. Wanda yake da irin wannan hoto a gida ba zai iya riƙe waɗannan lambobi ba, amma zai iya nisanta shi daga na'urar ɗumama ɗaki da bangon waje mai danshi, ya hana rana taɓa shi, ya rufe bayan firam da kwali mai kauri don rage ƙura da sauyin laima. In fenti ya fara ɗagowa, a sauke hoton a kwantar da shi fuska sama, kada a goge shi ko da busasshen ƙyalle ne, har mai gyara ya manne ɓawon a wurinsa.